Karfasa da Haihuwarta: Tarihin Kifin da Ya Gagari Kandami

Shekara uku ke nan da kawuna ya ajiye alli, bayan shekaru 35 yana koyarwa a makarantun firamare. Ya tattara ya koma gida Mainika, a ƙaramar hukumar Gwarzo, da kuɗin sallamarsa a hannu da niyyar kiwon kifi a zuciya. Ya sa aka haƙa masa kandami a gefen fadamarsa, ya zuba takin kaji har ruwan ya yi kore shar, sannan ya sayo 'ya'yan karfasa 500 a hannun wani masunci da ke su a ɗaya daga cikin madatsun ruwan yankin. A kan takarda lissafinsa ba shi da aibu. Tarwaɗa sai da abincin kamfani, wanda farashin buhunsa ba ya zama wuri ɗaya. Karfasa kuwa dusa ta ishe ta, ganye ma ba ta raina shi.

Ina wurin ranar da aka ja taru, wata takwas bayan zubi. Kifi ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba, amma da ƙyar aka tsinci guda 40 da suka cika tafin hannu. Sauran dubbai ne, daga mai tsawon yatsa zuwa wanda bai wuce kwanson gyaɗa ba. Mai sarin kifin da aka kira daga Gwarzo ya duba, ya girgiza kai, ya yi tayin da bai kai kuɗin dusa ba. Da yamma kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da sana'arka tambayar mutane ce, tambayo mini. Ɗari biyar na zuba, su na yi niyyar ciyarwa. Wa ya gayyato sauran?"

Amsar da na samo ta fi kandamin kawu faɗi da tsufa. Abin da ya same shi ya sami Turawan Beljiyam a Kwango da manoman tsibirin Jawa a Indonesiya tun kafin a haife shi. Halin da ya jawo masa asara kuma, shi ne dai halin da masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka ke kashe kuɗi domin su zauna su kalla a cikin akwatin gilashi. Tarihin kiwon karfasa tarihi ne na neman dabarar shawo kan kifin da ya ƙware wajen kare 'ya'yansa.

Dangi mai faɗa, mai reno

Karfasa, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira gargaza, 'yar wani babban dangi ce da masana ke kira Cichlidae, mai nau'o'i fiye da 1,600 da aka riga aka raɗa wa suna, akasarinsu a Afirka da Kudancin Amurka. Sunan da duniya ta san ta da shi, tilapia, wani masanin dabbobi ɗan Sikotilan mai suna Andrew Smith ne ya ƙirƙiro shi a 1840, daga kalmar da ke nufin kifi a harshen Tswana na kudancin Afirka.

Abin da muke haɗawa mu kira karfasa a ruwayenmu ya kasu kashi uku, kuma salon reno ne ya raba su. A kan wannan bambancin ne masaniyar kifi ta Birtaniya, Ethelwynn Trewavas, ta gina rabe-raben da ta wallafa a 1983. Akwai mai jan ciki, wadda a yau ake kira Coptodon zillii: miji da mata suna share wuri a ƙasan ruwa, su manna ƙwai a kai, su tsaya gadi tare. Akwai Sarotherodon galilaeus, wadda uwa da uba duka kan ɗauki ƙwai a baki. Sai ta uku, Oreochromis niloticus, karfasar Nilu, wadda ita ce aka fi kiwo a duniya.

Namijin karfasar Nilu yakan haƙa rami kamar akushi a wuri marar zurfi, ya mai da kewayensa ƙasarsa, duk namijin da ya kusanto sai an gwabza. Macen takan zo ta zuba ƙwai ɗaruruwa a ramin, namijin ya yi musu barbara, nan take ta kwashe su a bakinta ta tafi. Kwana goma zuwa mako biyu tana goyon su a baki, ba ta cin abinci. Bayan sun ƙyanƙyashe ta sake su, in suka ga haɗari sai su ruga su koma bakin uwa. Bayan wata guda ko ɗaya da rabi ta sake komawa ga wani ramin. Ba abin da ke dakatar da ita sai sanyi: idan ɗumin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda yakan yi a Kano a tsakiyar hunturu, haihuwa takan tsaya.

Yawancin kifaye watsa ƙwai dubbai suke yi su bar wa ruwa, kaɗan ne ke rayuwa. Karfasa ƙwanta kaɗan ne, amma da yawansu suna tsira. Tana da wata baiwa kuma: idan wuri ya yi mata ƙunci, ba ta jira sai ta girma. A babban tafki takan yi girma sosai kafin ta fara haihuwa, amma a kandami tana iya farawa tana da wata biyar ko shida, nauyinta bai wuce giram 30 zuwa 40 ba. Wannan hali ya dace da ƙasa irin tamu, inda rafi ke cika da damina ya koma yashi da rani, kifin da ya maƙale a gurbi kuma bai san ko ruwan zai kai shi wata mai zuwa ba. A wurin karfasa, kandamin kawu gurbi ne da ke shirin ƙafewa, sai ta yi abin da kakanninta suka saba yi.

'Yan uwanta a akwatin gilashi

Tun farkon ƙarni na 20 Turawa, musamman Jamusawa, suka shiga kwasar ƙananan 'yan wannan dangi daga Afirka ta Yamma suna ajiyewa a ɗaki domin sha'awa. Biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara namu ne. Ɗaya shi ne Pelvicachromis pulcher, ɗan ƙaramin kifi mai jan ciki daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru. Ɗayan shi ne Hemichromis, wanda nau'o'insa suka bazu a kogin Kwara da Binuwai da yankin tafkin Chadi, inda ruwan Kano ke gangarawa ta Haɗeja. Idan lokacin haihuwa ya yi, ƙaramin nau'insa yakan rikiɗe ya yi ja wur da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, ya kuma zama masifaffe: miji da mata sukan kashe duk kifin da suka raba akwati da shi.

Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973, ya ba da labarin wannan kifi a wani littafinsa na 1949. Wata rana da yamma uban kifi yana tattara 'ya'yansa zuwa ramin kwana, sai ya cafki guntun tana. Yana cikin tauna ya hango ɗansa guda ya ɓace hanya, ya bi shi ya ɗauke shi a bakin da tanar take ciki. Sai ya tsaya cik, abinci da ɗa a baki ɗaya. Bayan ɗan lokaci ya tofar da duka biyun, ya cinye tanar yana sa ido a kan ɗan, sannan ya ɗauke shi ya kai shi gida.

Daga baya kasuwar kifin ado ta karkata ga manyan tafkunan gabashin Afirka. Tafkin Malawi kaɗai yana da nau'o'in wannan dangi da aka ƙiyasta sun kai 800 ko fiye, kusan dukansu babu su a ko'ina sai can. Masu kiwonsu sun koyi darussa da asarar kifi mai tsada. Namiji guda ake haɗawa da mata da yawa, domin kada ya matsa wa ɗaya har ta mutu. Ana jera duwatsu domin kowa ya sami maɓoya, kuma kada abokan gaba su riƙa haɗa ido. Masu cin gansakuka ba a ɗura musu abinci mai nama da maiƙo, domin yakan kumbura musu ciki ya kashe su. Dabarar da ta fi ban mamaki ita ce cunkoso: idan kifi ya yi yawa a akwati, babu namijin da ke iya mallakar wuri, sai faɗa ya ragu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga Misira zuwa Panyam

Misirawan dā sun san wannan kifi sarai. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai zanen bango daga kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun, na wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, wanda ke nuna tafkin lambu da karfasa na iyo a ciki. Akwai kuma wata 'yar kwalbar gilashi mai siffar karfasa daga Amarna, ta wannan zamanin. Ganin 'ya'ya na fitowa da rai daga bakin uwa ya sa suka ɗauke ta alamar sabuwar rayuwa.

Kiwonta irin na zamani ya faro ne a ƙarƙashin mulkin mallaka. An yi gwajin farko a Kenya a 1924, amma a Kwangon Beljiyam abin ya bunƙasa a shekarun 1940, lokacin da hukuma ke neman abinci mai arha ga ma'aikatan haƙar ma'adinai na Katanga da mutanen ƙauyuka. Karfasa ta yi kama da amsar addu'a: tana haihuwa ba tare da an taimaka mata ba, tana cin ganyen rogo da dusa, tana jure ruwa marar kyau. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 an ƙiyasta kandamai kusan 300,000 a faɗin Afirka, kaso mafi tsoka a Kwango. Cikin shekaru goma da suka biyo baya aka yi watsi da akasarinsu. Tafiyar jami'an da ke sa ido da rikice-rikicen bayan samun 'yanci sun taimaka, amma akwai dalilin da ke cikin ruwan kansa: manomi ya yi wata shida yana wahala, ya kwashe tulin kifin da babu mai saye.

Asiya ta ɗanɗana tata. A ƙarshen shekarun 1930 wani mutumin gabashin Jawa mai suna Mujair ya tsinci wata baƙuwar karfasa, 'yar asalin Mozambik, a bakin wani kogi, ya fara kiwonta. Har yau da sunansa ake kiran kifin a Indonesiya. A lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa aka yaɗa ta ko'ina a kudu maso gabashin Asiya. Wannan nau'in ya fi na Nilu saurin balaga, saboda haka ba a jima ba manoma suka fara ɗaukarsa annoba a kandamansu.

A Arewacin Najeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta fara gina gonar kifi ta Panyam, a ƙasar Filato ta yau, a 1951. An yi kiwon karfasa a can, amma kifin da gonar ta yi suna da shi baƙo ne, wato kaf da aka shigo da shi daga ƙetare, wanda sanyin Filato ya karɓe shi, kuma ba ya cika kandami da 'ya'ya yadda karfasa ke yi.

Audu Baƙo da ruwan da ya tsaya

Kafin madatsun ruwa, kifi a yammacin Kano abin lokaci ne. Rafukan da ke gangarawa cikin kogin Challawa sukan kawo da damina, kifi ya hauro, da rani kuma ruwa ya tsinke ya bar gurabe. A irin waɗannan guraben ne akan yi su na gayya da koma da gora, bayan sarkin ruwa ya ba da izini. Sauran watanni kuwa sai busasshen kifi da banda daga Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi.

An ƙirƙiro jihar Kano a watan Mayun 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1975. Shi ya ɗora jihar a kan turbar tare ruwa. Bagauda ce ta fara, sai Tiga, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da farin nan na farkon shekarun 1970 ya nuna wa kowa amfanin ajiyar ruwa. Hukumar jiha da aka fi sani da WRECA ta ci gaba da gina matsakaita da ƙanana a sassa daban-daban. A yammacin jihar akwai Guzu-Guzu da Magaga a ƙasar Kabo, da Pada a ƙasar Gwarzo, da Kusalla a Ƙaraye. A 1992 aka kammala babbar madatsar Challawa, ita ma a Ƙaraye.

Domin noman rani da ruwan sha aka gina su, kifi gyara ne aka samu a kai. Amma tare rafi yana sauya mazauna cikinsa. Kifayen da suka dogara ga gudun ruwa da ambaliya domin haihuwa sukan ja baya, karfasa kuma ta sami abin da take so: ruwa tsayayye, gefe marar zurfi mai yashi da laka inda namiji zai haƙa raminsa, da rana mai haifar da ƙananan halittun da ke sa ruwa kore, waɗanda su ne abincinta. An ga haka a tafkin Kainji bayan an tare kogin Kwara a 1968, inda karfasa ta ƙaru ƙwarai. A madatsun Kano ma ita da tarwaɗa ne ginshiƙin abin da masunta ke fitarwa. Karfasar da ake soyawa a tashoshin mota daga Kabo zuwa Gwarzo, a barbaɗa mata yaji, 'yar wannan tarihin ce. Manoman da kakanninsu ba su taɓa hawa kwalekwale ba sun koyi zuba kalli da jefa birgi.

Me ya sa a madatsa karfasa kan iya girma, a kandami kuma ta tsumbure? Saboda a babban ruwa akwai masu rage ta. Tarwaɗa da giwan ruwa da tsage da babban nau'in Hemichromis duk suna cin 'ya'yanta, waɗanda suka tsira kuma su sami abinci isasshe. Wannan ma'auni ne mai saurin karkata. A tafkin Biktoriya, inda babu giwan ruwa tun asali, an saka shi a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma an ƙiyasta nau'o'in dangin karfasa kusan 200 cikin 500 sun ɓace. A wurinmu karkatar ta wancan ɓangaren take. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, amma duk wanda ya je bakin madatsa ya san ana su da abin da ya fi haka ƙanƙanta, har da gidan sauro. Idan aka kwashe manya da masu farauta, abin da ke saura shi ne ƙananan da ke haihuwa da wuri. A hankali madatsa takan koma babban kandami.

Yadda Asiya ta warware ƙullin

Mafitar ta fito daga lura guda: namijin karfasa ya fi macen saurin girma nesa ba kusa ba, domin ita ƙarfinta a ƙwai da azumin goyo yake ƙarewa. In babu mace a kandami, babu haihuwa, duk abin da aka zuba kuma nama zai zama. Tambayar ita ce yadda za a sami maza zalla.

A 1960 wani masani ɗan Birtaniya, C. F. Hickling, ya ba da rahoto daga Malaka, a Malesiya ta yau, cewa haɗa wasu nau'o'in karfasa biyu yana haifar da 'ya'ya kusan duka maza. A tsakiyar shekarun 1970 bincike a Jami'ar Auburn ta Amurka, wanda ɗan ƙasar Filifin Rafael Guerrero ya taka rawa a cikinsa, ya nuna hanya mafi sauƙi: a ciyar da jariran kifi abincin da aka gauraya da sinadarin homon na maza na mako uku zuwa huɗu daga fara cin abincinsu, sai fiye da kashi 90 cikin 100 su tashi maza. Wannan ita ce hanyar da manyan gidajen ƙyanƙyasa ke bi har yau.

A daidai wannan lokacin karfasar Nilu ta maye gurbin ta Mozambik. A 1965 Yarima Akihito na Japan, wanda shi kansa masanin kifi ne, ya aika wa Sarki Bhumibol na Tailan kyautar guda 50. Aka yi kiwonsu a fadar Chitralada da ke Bankok, aka raba wa manoma, kuma irin Chitralada ya bazu har Kudancin Amurka. Ƙasar Sin ta shigo da karfasar Nilu a 1978. A 1988 cibiyar da a yau ake kira WorldFish ta fara wani shiri a Filifin tare da masana daga Norwe: aka tattaro iri daga ruwayen Masar da Gana da Kenya da Senegal, aka haɗa da na gonakin Asiya, aka riƙa zaɓen mafi saurin girma a kowane zubi. Bayan zuriya biyar, irin da aka raɗa wa suna GIFT ya fi na farko saurin girma da kimanin kashi 85 cikin 100.

Sai kuma keji. Idan aka sa karfasa a kejin raga da ke shawagi a kan ruwa mai zurfi, namiji ba shi da ƙasar da zai haƙa rami, ƙwan da mace ta zuba yakan zurare ta idon raga, cunkoso kuma ya hana kowa mallakar wuri. Dabarar masu akwatin gilashi ke nan, an faɗaɗa ta. Da keji Gana ta gina masana'antar karfasa a tafkin Volta.

A yau duniya na noman karfasa fiye da tan miliyan 6 a shekara. Sin ce kan gaba, sai Indonesiya, sai Masar mai kimanin tan miliyan 1, akasari daga gonakin da ke bakin Nilu irin na Kafr el-Sheikh. Kifin Afirka ne, amma galibin ribarsa a Asiya aka ci. Sai a farkon shekarun 2020 aka kawo irin GIFT Najeriya, zuwa wata gonar kifi a jihar Ogun.

Dalilin da tarwaɗa ta ci kasuwa

Najeriya ta bi wata hanyar. Daga shekarun 1980, bisa binciken da masanan Holan da wasu suka yi, aka ƙware wajen ƙyanƙyasar tarwaɗa ta hanyar allura. Abin da ya sa ta dace da ɗan kasuwa kishiyar halin karfasa ne: tarwaɗa ba ta cika haihuwa a tanki da kanta ba, sai an yi wa macen allura an matse ƙwan. Wanda ya zuba 1,000 ya san ba za su ƙaru ba. Tana shaƙar iska kai tsaye, saboda haka tana rayuwa a cunkushe a tankin siminti ko na roba a bayan gida, kuma ana kai ta kasuwa da rai, abin da duk mai zuwa kasuwar kifi ta Galadima a Kano ya saba gani. Da haka Najeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace noman tarwaɗar Afirka a duniya.

Kuɗin wannan zaɓi yanzu ake biyansa. Tarwaɗa maciyiyar nama ce, tana buƙatar abinci mai sinadarin gina jiki wajen kashi 40 cikin 100, wanda ke dogara ga garin kifi da waken suya, kuma abinci kan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Da Naira ta faɗi daga 2023, masu ƙananan gonaki da dama sun rufe tankunansu. Karfasa kuwa kashi 25 zuwa 30 ya wadace ta, kuma a kandamin ƙasa da aka yi wa taki tana samun wani kaso na abincinta daga ruwan kansa, a cike mata da dusar shinkafa da ta masara da tunkuza. Duk waɗannan abubuwa ne da yankin Gwarzo da Kabo ke da su. Hukumomi kan ce ƙasar nan na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuma bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Wani kaso na giɓin ana cike shi da daskararren kifi da ake sayowa da kuɗin waje. Ashe kawu bai yi kuskure ba da ya zaɓi karfasa. Kuskurensa shi ne irin da ya zuba, kuma babu wanda ya gaya masa.

Abin da ya rage a yi

Ga ma'aikacin da ke tunanin sa kuɗin sallamarsa a wannan harka, tarihin nan ya bar tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya haƙa rami. Daga ina irin ya fito, kuma maza ne zalla? 'Ya'yan da aka kamo a madatsa gauraye suke, maza da mata, nau'i biyu ko uku, wasunsu ma tsofaffi ne da suka tsumbure. Ana iya zubar da ruwan kandamin gaba ɗaya a busar da shi bayan kowane girbi? In ba haka ba, 'yan kaɗan da suka maƙale a laka sun isa su cika shi. Wane wata za a zuba? Wanda ya zuba a Nuwamba zai ciyar da kifin da sanyi ya hana ci da girma har Fabrairu.

Ga hukuma kuma, madatsun da aka gina shekaru 40 zuwa 50 da suka wuce suna nan, kodayake yashi da laka suna cinye zurfinsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gidan ƙyanƙyasa amintacce kusa da manomi, da malamin gona da ya san kifi, da tsarin da zai fayyace wa ke da ikon sa keji a ruwan da mutane ke sha, suke ban ruwa, suke shayar da dabbobi. Keji yana zubar da kashi da ragowar abinci, ƙaramar madatsa kuma ba ta ɗaukar abin da Tiga za ta ɗauka. Irin da aka inganta a waje, in ya tsere, zai gauraya da na gida. Waɗannan abubuwa ne da ake shatawa tun kafin a fara, tare da sarakunan ruwa da masuntan da abincinsu ke wurin.

Kawu bai sami irin maza zalla a kusa ba, sai ya koma ga dabarar da ta riga homon zuwa. Ya zubar da ruwan, ya bar ƙasan kandamin ta tsage a rana. Ya ware 'ya'yan da suka ɗan tasa a wani ƙaramin rami, ya zauna da jikokinsa biyu da tabarau a hanci, suna juya kowane kifi suna duba ƙarƙashin cikinsa, inda ake bambance namiji da mace. Mazan suka koma kandami, matan suka shiga tukunya. Da yake ido yakan yi kuskure, bayan wata biyu ya saka 'yan tarwaɗa kaɗan domin su riƙa tsince abin da aka haifa.

Girbin bara bai mayar masa da asarar farko ba, amma mai sarin kifin nan na Gwarzo bai girgiza kai ba. A kan sikeli aka yi ciniki. Da aka kusa gama jan taru, wani yaro ya ɗago wata 'yar karfasa, ta buɗe baki, 'ya'ya suka zubo masa a tafin hannu. Kawu ya karɓe ta ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a kai ta ƙaramin ramin, ita da 'ya'yan, domin irin baɗi.